Yafewar da Tani Ta Janye

Duk wanda ya ci kasuwar Dutsin-Ma a shekarun da gyaɗa take tashe, hancinsa ya riga idonsa sanin Tani. Daddawa take sayarwa a rumfa ta uku daga mahauta, irin daddawar da in aka jefa ɗaya a miya sai maƙwabta sun leƙo ta katanga sun gai da mai girki. A Ɗantutture aka haife ta, ƙasar Kurfi. Aure ya kawo ta Dutsin-Ma, mijin ya rasu ya bar mata ’ya’ya mata biyu da manyan tukwane huɗu na dafa kalwa. ’Ya’yan ta aurar da su, tukwanen ta riƙe abinta. Manema sun yi ta zuwa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta ga wanda ya kai tukunya amfani ba.

Gajeruwa ce mai wushirya, ga murya kamar an ba ta aron ta mutum uku. In ta yi dariya a rumfarta, masu awon gero a ƙarshen kasuwa sukan ɗago kai su tambaya wa aka kayar yau. Sau da yawa kuwa amsar ɗaya ce, Sodangi ne.

Sodangi mutumin Kurfi ne, mai jakai huɗu, yana dakon gyaɗa da hatsi tsakanin garinsu da Dutsin-Ma. Uwarsa da uban Tani ciki ɗaya suka fito, wato shi da Tani taubasai ne, kuma kowa ya san yadda taubasai suke. Ba kunya tsakaninsu, ba fushi, ba kai ƙara. Maganar da in wani ya faɗa maka sai an dangana da alƙali, in taubashinka ne ya faɗa sai dai ka nemo wadda ta fi ta zafi ka mayar masa. Su biyun nan tun suna tsirara suka fara, kowa yana rantsuwa ɗayan bawansa ne na gado, kuma har suka yi furfura ba wanda ya sauka.

Ranar kasuwa, tun daga bakin mahauta Sodangi yake fara kururuwa.

“Jama’a, ku toshe hanci, mun iso unguwar baiwata!”

Tani ba ta ko ɗaga kai daga faifanta. “Wa nike ji haka? Af, bawan gidanmu ne. To cikin ku biyar ɗin nan wane ne Sodangi? Na ga duk kunnuwanku ɗaya.”

Sai kasuwa ta ɗauka. Akwai mutanen ƙauyen Shema da ba su da abin saye ba su da na sayarwa, wannan kawai suke zuwa kallo. Sodangi ne ya yaɗa cewa tun da iska ta ɗebi warin daddawar Tani ta yi Kuki da shi, kuraye suka yi ƙaura daga dajin. Ita ce ta ce ranar sunansa ragon da ya ga fuskar jaririn da kansa ya miƙa wuya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne macen jakin da ya saya, ja, mai taurin kai, wadda in ta ga dama sai ta kwanta da kaya a tsakiyar hanya. Ya raɗa mata suna Tani. Yakan tsaya daidai rumfar ya ce, “Tani, Allah shi shirye ki, tashi mu tahi,” yana kallon jakar. Tani ta rama da wani bunsuru, amma bunsurun bai yi suna kamar takwarar tata ba, wannan kam ta san an ci ta.

Shekara huɗu bayan samun ’yancin kai, da kaka, Sodangi ya daina zuwa kasuwa. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, ba a yi masa rasuwa ba, ba a yi masa sata ba, gyaɗa ma ta yi kyau a shekarar. Haka kawai mutum ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba ya cin abinci sai an matsa, ba ya barci, ba ya son a yi masa magana. Jakai suna kuka a turke, mai su yana ji, ya kasa tashi. Yau likitoci suna ce wa wannan ciwon damuwa. A lokacin kowa da sunan da ya ba shi, wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, wani marar imani ma ya ce lalaci ne.

Da aka yi kasuwa uku ba shi, Tani ta hau mota ta tafi Kurfi da zagi cike da baki. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta sauke masa su duka, har da sababbi biyu da ta tanada. Sodangi ya dube ta kamar yadda ake duban bango, ya ce, “Sannu da zuwa.” Shi ke nan. Tani ta dawo gida ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar kalwa ta yi kuka mai isarta, da maƙwabciya ta leƙo ta ce mata hayaƙi ne.

Ba a zauna ba. Malam ya yi rubutu an sha, an yi sauka, an yi turare. Daga baya wansa Labaran ya sa shi a mota ya kai shi wurin likita a Katsina. Likita ya daɗe yana yi masa tambayoyi, ya ba da ƙwayoyi a riƙa sha safe da yamma, ya ce a komo bayan wata guda. Aka dawo, aka ci gaba da rubutun malam da ƙwayar likita tare, don ba wanda ya ga dalilin da zai sa su yi faɗa a ciki ɗaya.

Sai ga shi da bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna, labari ya iso kasuwar Dutsin-Ma da gudu: Sodangi ya tashi! Ya kira wanzami an yi masa aski, ya yi wanka, ya ci tuwo malmala biyu. Matarsa Rekiya ta rangaɗa guɗa har sau uku, ta soya waina ta raba sadaka. Kuma wai ciwon ya bar shi da wani irin kirki na ban mamaki. Jakai biyu ya ba Labaran, ɗaya ya ba maƙwabcinsa. Babbar rigarsa ta Sallah ya kai wa liman. Yana bi gida gida da fara’a yana neman gafarar mutane, har wanda suka yi cacar baki a kan iyakar gona shekara goma da suka wuce. Mutanen Kurfi suka ce ai Makka za shi a ƙasa, wasu suka ce waliyyi yake shirin zama, kowa dai ya ce alhamdu lillahi. Tani da ta ji, ta miƙe a cikin rumfa ta taka rawa da faifai a ka, ta yi wa masu saye gyara har daddawar ta kusa ƙarewa a gyara. Ta kwana biyu tana wasa bakinta.

Ranar kasuwa ta gaba, da hantsi, sai ga shi. Ya rame, amma fes da shi, yana jaye da jaka ɗaya tak, ja ɗin nan. Bai yi kururuwa daga mahauta ba. Tani ba ta jira ba, ta tare shi da zagin da ta fi ji da shi.

“Lale da mai gadon barci! An ce ka warke, na ce ƙarya ne, ciwon ne ya gaji da warin bakinka ya gudu.”

Mutane suka matso ana jiran martani. Sodangi ya yi murmushi. Ya ɗaure jakar a jikin rumfa, da akumarinta da mangalarta, sannan ya durƙusa a gaban faifan daddawa, a gaban kowa.

“Yaya Tani,” ya ce, “ga takwararki nan, na ba ki. Kuma duk abin da na taɓa hwaɗa maki tun muna yara, don Allah ki yahe mani.”

Yaya! Shekara arba’in da ɗoriya, bakin nan bai taɓa ce mata Yaya ba. Daɗi ya kwashe Tani ya yi sama da ita. Ta juya ga jama’a hannu a ƙugu.

“Kun ji da kunnenku ko? Mahauta, kun shaida? Mutanen Shema, ku kai labari gida! Bawa ya san uwargijiyarshi. Tashi, ɗan talaka, na yahe ma, duniya da lahira!”

Ya ce ya gode, ya tashi, ya shafa wuyan jakar, ya bi ta cikin mutane ya tafi. Tani ko kallon inda ya bi ba ta yi ba, tana can tana karɓar gaisuwa. Aka ɗora ta a kan takwararta, wai sai ta zaga kasuwa. Jakar ta yi taku uku ta tsaya cik, aka yi ta tura ta ana dariya har wani mai gishiri ya faɗa cikin buhunsa. Da aka gaji aka sauke ta, ta koma rumfa tana haki, ta ci gaba da cika wa Rahamatu mai kuka, maƙwabciyarta a kasuwa, baki.

“Ke Rahamatu, abin da na yi yau ba a taɓa yin shi ba a danginmu. Ko ubana da taubashinshi Audi, da sunka shekara sittin suna yi, ban taɓa jin ɗaya ya roƙi ɗaya gahwara ba sai ranar da…”

Ta tsaya. Ta tuna ranar sarai, don ita ce ta riƙe ƙwaryar ruwa. Ubanta yana kwance an juya shi yana fuskantar gabas, Audi ya durƙusa a kansa yana kuka yana cewa a yafi juna. Kafin la’asar aka fita da uban. Ai taubashi ba ya neman gafarar taubashi, don ba laifi tsakaninsu da za a yafe. Sai in an zo rabuwar da ba a sake haɗuwa.

Sai sauran suka biyo baya, ɗaya na jan ɗaya. Mai tafiya Makka a ƙasa ba ya rabar da jakai, hawa yake yi. Wanda ya warke ba ya ba da abin da zai ci abinci da shi gobe. Kuma duk murnar nan da ake yi daga Kurfi har Dutsin-Ma, ba wanda ya tambayi Sodangi ina za shi. Tsoro ya kama Tani irin wanda ba ta taɓa ji ba.

“Ina ya bi?” ta ce.

Wani ya ce bai ga ya nufi tasha ba. Mai gishiri ya ce ya gan shi ya fita ta hanyar gonaki, wadda ba ta kai kowa Kurfi. Tani ta bar faifai, ta bar takalmi, ta haye jakar. Ta dake ta da dunduniya, jakar ta ƙi. Ta zage ta, ta ƙi. Ta roƙe ta da girman suna ɗaya da suke ci, ta kaɗa kunne kawai. Mutane suna ta dariya, sun ɗauka wasan ne bai ƙare ba. Da Tani ta rasa yadda za ta yi, sai ta saki ragamar ta ce, “To je ki inda kika ga dama, ’yar banza.” Jakar ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta juya da kanta ta bi hanyar gonaki da sassarfa, Tani tana rungume da wuyanta, ɗankwali ya tafi, tana salati tana zagi a haɗe.

A bayan gari suka same shi, nesa da mutane, a gindin wata ɗorawa. Yana zaune ya cire hula da takalmi ya jera su a gefe. Fara’ar nan ta ɗazu babu ko ɗigonta. Jakar ta je ta sa masa hanci a kafaɗa. Tani ta zamo ƙasa, ta zauna a gabansa, ta damƙi gefen rigarsa ta naɗe a hannu.

Akwai tambayar da matarsa ba za ta iya yi masa ba don kunya, wansa ba zai iya ba don girma, liman ba zai iya ba don nauyinta. Taubashiya kuwa ba abin da bakinta ba ya ɗauka.

“Sodangi, kashe kanka za ka yi?”

Ya kawar da kai. Sannan ya ce, “Na gaji, Tani.”

“Ba gajiya na tambaye ka ba.”

“E,” ya ce. Da kalmar ta fita sai kafaɗunsa suka sauka, hawaye suka zubo. “Tun ina kwance abin yake raina, ƙarhin tashi ne ban da shi. Yanzu magani ya ba ni ƙarhin ƙahwa, amma nan ciki yana nan yadda yake. Na san haramun ne, kada ki hwaɗa mani, na hwaɗa ma kaina ya hi sau dubu. Na zame ma Rekiya kaya, na zame ma Labaran kaya. Kowa na murna na warke, na rasa wanda zan ce ma ban warke ba.”

Tani ta ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi birgima don tausayi da jin kunyar rawar da ta taka. Ba ta yi masa wa’azi ba, ba ta iya ba ma. Ta share hanci da bayan hannu ta ce, “To ka ce mani, na ji. Kuma yahewar nan da na yi ɗazu, na janye.”

Ya ɗago kai. “Kin riga kin yahe gaban mutane.”

“Na janye gaban jaka. Ita ma shaida ce, ta hi mahauta gaskiya. Ban yahe ba! Kwaɗon da ka sa mani a tulu ranar kamuna, ban yahe ba. Kurayen Kuki, ban yahe ba. Wannan mai jan gashin da ka sa ma sunana, har gaban Allah. Kai da ka bi gari kana wanke kanka don ka tahi ba haƙƙin kowa, to ga nawa nan a wuyanka, ka tahi da shi in gani.”

“Tani, don Allah…”

“Ɗaya ɗaya zan riƙa yahewa, kowace kasuwa ɗaya, sai ka zo da ƙahwarka ka karɓa. Kuma ban karɓar gaisuwar mutunci. Ka sake ce mani Yaya, sai na ƙara ma biyu.”

Wani abu ya fito daga bakin Sodangi, rabi kuka rabi dariya. Bai warke a gindin ɗorawar nan ba, kada wani ya ce Tani ta yi abin da likita ya kasa. Abin da ta samu shi ne ya yarda ya tashi. Ta sa masa hularsa a karkace, ta ɗora shi a kan jakar, ta ja ragama da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da rigarsa har gidanta. Ta aika direban motar Kurfi ya zo da Labaran da Rekiya, kuma kafin su iso ko bayan gida ya shiga tana tsaye a ƙofa tana yi masa surutu.

Da Labaran ya ji, sai ya dafe kai ya zauna. Ashe likita ya gaya masa tun ran farko, cewa in majinyaci ya fara samun ƙarfi a nan ne za a fi sa masa ido, don ƙarfin jiki yakan riga na zuciya dawowa, kuma in aka ga yana sallama da mutane a komo da shi maza. Labaran ya ji, amma da ya ga ƙaninsa yana cin tuwo malmala biyu, murna ta share maganar. Washegari su uku suka mayar da shi Katsina. Aka riƙe shi mako uku, aka gyara masa magani. Da aka sallamo shi, Rekiya ce take ajiye ƙwayoyin tana ba shi da hannunta, kuma aka daina barinsa shi kaɗai.

Sai aka shiga mayar da kaya, abin da Kurfi ba ta manta ba har yau. Labaran ya koro jakai biyu, maƙwabci ya koro ɗaya yana ƙunƙuni don har ya saba. Liman ya aiko da riga, an riga an rage mata tsawo. Tani ta ƙara riƙe takwararta kwana tara, a rana ta goma jakar ta tura kai cikin kalwar da aka shanya ta cinye rabi, aka mayar da ita Kurfi da saƙon da ba ya maimaituwa.

Wata biyu bayan haka aka ji murya daga bakin mahauta, ba ta kai ta da ƙarfi ba: “Jama’a, ku toshe hanci.” Tani ta sunkuyar da kai a kan faifai ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce cikin su biyar wane ne Sodangi.

Haka aka ci gaba. Kowace kasuwa ya zage ta, ta rama, ta yafe masa tsoho ɗaya, ya bar sabo a madadinsa. In mutane suka watse, sai ta rage murya, abin da ba wanda ya san ta iya, ta ce, “Tunanin nan fa?” Shi kuma ya saba gaya mata gaskiya. Wani lokaci ya ce bai zo ba. Wani lokaci ya ce ya zo ran Talata ya wuce. Sau biyu a cikin shekarun nan ya ce ya zo ya zauna, sau biyun kuma Tani ta rufe faifai da rana tsaka ta raka shi wurin Labaran, aka koma wurin likita.

Shekara biyar suka yi a haka. Da damina ta shida zazzaɓi ya kayar da Tani, ya ƙi sakinta. Da aka ga abin ya yi nisa aka aika Kurfi. Sodangi ya zo da Rekiya, ya durƙusa a bakin gadon, ’ya’yanta suna kuka, kowa yana jiran a yafi juna kamar yadda ake yi. Tani ta buɗe ido ta dube shi sama da ƙasa.

“Na yahe ma rabi,” ta ce. “Sauran sai ka tarad da ni. Kuma ka ji da kyau, bawan gidanmu, in ka zo ba a kira ka ba, ko kallonka ba ni yi.”

Sodangi ya tashi ya fita waje, aka ji shi yana kuka a jikin jakarsa. Tani ta yafito Rekiya da yatsa, ta sa baki a kunnenta.

“Tun a kasuwa na yahe mashi duka, ban taɓa janyewa ba a raina. Kada ki hwaɗa mashi. Ki riƙa tambayarshi, kai tsaye, kada ki ji kunya.”

Rekiya ba ta faɗa masa ba, kuma ta koyi yin tambayar. Sodangi ya yi shekara ashirin da uku bayan Tani, har jikoki suna jan gemunsa, ya jira sai da aka kira shi.